Ɗalibi ya makara a ci shi tara, jami'a ta makara a ce ya yi haƙuri

Kusan kowace jami'a a Najeriya tana da ranar rufe rajista, kuma ɗalibin da ya wuce ranar ya san abin da ke jiransa: ko tarar makara, ko asarar zangon karatu gaba ɗaya. Akwai ranar fara jarrabawa, akwai kuma mintunan da in ɗalibi ya wuce su ba zai shiga ɗakin ba. Babu laifi a waɗannan dokoki, domin makarantar da ba ta da wa'adi ba za ta tafi daidai ba.

Abin da ba a cika gani a rubuce ba shi ne wa'adin da ita jami'ar ta ɗora wa kanta. Kwana nawa bayan jarrabawa sakamako zai fito? Kwana nawa za a ɗauka kafin a gyara makin da ya ɓace? Wa zai amsa idan kuɗin makaranta ya fita daga asusun uba amma shafin rajista ya ce ba a biya ba? A nan amsar da ɗalibi ya fi ji ita ce ya dawo mako mai zuwa, ko ya ƙara haƙuri.

Wannan rashin daidaito shi ne tushen mafi yawan wahalar da ɗalibai ke sha wajen rajista da jadawali da sakamakon jarrabawa. Dole ne wa'adi ya hau kan kowa, da ɗalibin da jami'ar. Kafin a kai ga haka kuwa, ɗalibi ba shi da abin kare kansa da ya wuce takarda da kwanan wata.

Abin da kuskure ɗaya ke ci a Unguwar Dosa

Unguwar Dosa, a ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa, tana cikin unguwannin da manyan makarantu suka kewaye. Jami'ar Jihar Kaduna, KASU, wadda aka kafa a 2004 zamanin Gwamna Ahmed Muhammad Maƙarfi, babbar harabarta na kan titin Tafawa Ɓalewa, tana kuma da wata a Kafanchan. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna tana da harabobi a Tudun Wada da Unguwar Rimi da Barnawa. Jami'ar karatu daga gida, NOUN, tana da cibiya a Kaduna. Daga tashar Kawo da ke maƙwabtaka kuma motoci na tashi kullum zuwa Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962.

Da yawa daga cikin 'ya'yan unguwar da ke karatu a cikin gari daga gida suke zuwa makaranta. Ma'ana kowace zuwa kuɗin mota ce, kuma tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin Keke da na bas suka tashi. Ɗalibin da ke kwana a cikin makaranta zai iya leƙa ofis sau uku a yini ba tare da ya kashe sisi ba. Wanda ya fito daga Unguwar Dosa ko Badarawa ko Hayin Banki, duk "dawo gobe" da aka ce masa a aljihun mahaifinsa take ƙarewa. Wanda karatunsa ke Zariya ko Kafanchan kuwa, sa hannu ɗaya da bai samu ba na iya cinye masa yini da kuɗin abincin mako.

Kuɗin makarantar kansa ba ƙarami ba ne. A 2021 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta ƙara kuɗin KASU zuwa naira 150,000 a matakin ƙasa, abin da ya jawo zanga-zangar ɗalibai. A Agustan 2023 Gwamna Uba Sani ya rage kashi 30 cikin 100, kuɗin ya koma naira 105,000. Idan aka auna da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, wannan albashin wata ɗaya da rabi ne cif. Iyalin da suka tara wannan kuɗi sun sayi haƙƙin a yi musu aiki a kan lokaci. Idan kuskuren ofis ya ƙara wa ɗansu shekara guda, su ne za su sake biya.

Rajista: inda matsala ke kwanciya ta yi shekaru

Wahalar rajista ta fi kowace haɗari domin ba ta nuna kanta da wuri. Tana iya kwanciya tun daga aji ɗaya, sai ɗalibi ya zo fita ta tashi.

Ta farko ita ce ta shiga jami'ar kanta. Tun 2017 hukumar JAMB ta ɗora bayar da gurbin karatu a kan tsarinta na intanet da ake kira CAPS, kuma duk gurbin da bai bi ta nan ba hukumar ba ta san da shi ba. Ɗalibi na iya riƙe takardar shiga daga makaranta, ya biya kuɗi, ya yi shekara huɗu yana karatu, amma sunansa ba ya cikin jerin ɗaliban da JAMB ta amince da su. Hukumar yi wa ƙasa hidima, NYSC, tana duba wannan jeri kafin ta kira mutum. Hukumar JAMB da kanta ta sha bayyana cewa makarantu da dama sun ɗauki ɗalibai ta bayan fage tsakanin 2017 da 2020, har sai da aka yi musu afuwa ta musamman. Makarantu ne suka karya dokar, amma ɗalibai ne suka yi ta sintiri.

Ta biyu ita ce ta suna da ranar haihuwa. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar zama ɗan ƙasa, NIN. A ƙasar Hausa kuwa suna ɗaya na iya zuwa da rubutu iri-iri: Muhammad a takardar WAEC, Mohammed a katin NIN, Muh'd a rajistar makaranta. Wani sunan mahaifinsa ne a gaba a wata takarda, sunan garinsu a wata. Ga ɗan Adam duk mutum ɗaya ne, ga kwamfuta kuwa mutum uku ne. Gyaran da zai ɗauki mako guda a aji ɗaya yana iya ɗaukar watanni a aji huɗu.

Ta uku ita ce ta biyan kuɗi. Banki ya cire kuɗi, rasit na hannu, amma shafin makaranta bai buɗe ba, ga ranar rufewa na matsowa. Asusun bai wa ɗalibai rance, NELFUND, da ya buɗe shafinsa ranar 24 ga Mayun 2024, ya sauƙaƙa wa mutane da yawa, domin yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, yana kuma bai wa ɗalibi naira 20,000 a wata. Sai dai ya zo da tasa sabuwar matsalar. Lokacin da rancen ke isa ba lallai ya dace da lokacin rufe rajista ba, don haka wasu iyaye kan ci bashi su biya, daga baya kuɗin rancen ya shigo, sai a shiga jiran a mayar musu da nasu. A 2025 ƙorafi a kan wannan ya yi yawa a faɗin ƙasar har hukumar ICPC ta shiga bincike. Ɗalibin da aka biya wa kuɗi sau biyu bashi ne a wuyansa, kuma shi zai biya bayan ya gama hidimar ƙasa.

Ta huɗu ita ce rajistar kwasa-kwasai. A tsarin hukumar kula da jami'o'i, NUC, kowane kwas yana da nauyinsa da ake kira yunit, kuma ɗalibi ba ya ɗaukar ƙasa da yunit 15 ko fiye da 24 a zango guda. Kwas ɗin da ɗalibi ya zauna ya rubuta jarrabawarsa amma bai yi rajistarsa ba, tamkar bai yi ba ne. Wanda ya yi rajistarsa bai rubuta ba kuma sifili ne. Yawancin ɗalibai a shagon intanet suke yin wannan rajista, mai shagon na cike wa mutum goma a lokaci guda. Lamba ɗaya da ya kuskure a lambar kwas ta isa ta sa ɗalibi ya yi zango yana karanta abin da ba a rubuta masa ba.

Tun daga zangon 2023 zuwa 2024 jami'o'i suka koma sabuwar manhajar NUC da ake kira CCMAS, inda hukumar ke tsara kashi 70 cikin 100, kowace jami'a ta tsara sauran 30. Sauyin ya taɓa sunaye da lambobi da nauyin kwasa-kwasai. Ɗalibin da ya shiga a tsohuwar manhaja kuma yake da kwas ɗin da zai maimaita yana bukatar a gaya masa a rubuce wane sabon kwas ne ya maye gurbin tsohon. Inda ba a yi haka ba, ana barin yaro ɗan shekara ashirin ya yi hasashen abin da kwamitin farfesoshi ya sauya.

Jadawalin da ke sauyawa da dare

Zangon karatu a tsarin NUC mako 15 ne na darasi. Amma ɗaliban wannan zamani ba su cika ganin cikakken zango ba. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2020 ya ɗauki wata tara, ga kullen korona a kai. Na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Don cike giɓin, jami'o'i da dama suka matse zangunansu, wasu suka haɗa ɗaukar ɗalibai na shekara biyu wuri guda. Ɗakunan darasi ba su ƙaru ba, malamai ba su ƙaru ba, sai jadawali ya zama abin ja-in-ja.

Ɗaliban sun san sauran labarin. Lakcar da jadawali ya sa ƙarfe goma sai a mayar da ita ƙarfe bakwai na safe, sanarwar kuma ta fito a zauren WhatsApp na aji da tsakar dare. Wanda datarsa ta ƙare ko wayarsa ba caji saboda rashin wuta, da safe zai ji an yi gwaji. Wata lakcar a kai ta yamma liƙis, ɗaliba ta fito bayan magariba tana neman Keke zuwa gida. Wata a sa ta dab da sallar Juma'a, ko ranar Lahadi da safe, a garin da Musulmi da Kirista ke zama aji ɗaya.

Dokar halartar darasi ta ce sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin 100 kafin a bar shi ya zauna jarrabawa. Doka ce mai kyau, amma ba ta da ma'ana sai an riƙe lokacin da aka sanar. Ba adalci ba ne a ƙirga wa ɗalibi rashin zuwa darasin da aka sauya wa lokaci ba tare da sanarwar da ta isa ba.

Wanda ya fi shan wahalar jadawali shi ne mai maimaita kwas. Ana tsara jadawali ne aji-aji, don haka kwas ɗinsa na aji biyu na iya faɗawa lokaci ɗaya da na aji uku, a darasi ko a jarrabawa. Idan ba a gano karon da wuri ba, ranar jarrabawa dole ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya, wanda ya bari kuma ya koma wani abin maimaitawa. Ta haka kwas ɗaya ke haifar da biyu, biyu su haifar da ƙarin shekara. Ga kuma iyaka: karatun shekara huɗu ba a yarda ya wuce shida ba.

Lissafin maki guda da ya ɓace

Masu cewa makin da ya ɓace ƙaramin abu ne ya kamata su yi lissafi. A ma'aunin maki biyar da yawancin jami'o'i ke amfani da shi, A na da 5, B na da 4, C na da 3, F kuma sifili. Ana ninka wannan da nauyin kwas. Digiri mai daraja ta ɗaya na farawa daga 4.50, daraja ta biyu ta sama daga 3.50, ta biyu ta ƙasa daga 2.40.

A ɗauka ɗaliba ta ci B a kwas mai yunit 3, wato maki 12, amma takardarta ta ɓace aka rubuta mata ba ta zo ba. Idan yunit 18 ta ɗauka a zangon, matsakaicin makinta na zangon ya faɗi da kusan 0.67. A ɗauka kuma da ba a yi kuskuren ba za ta gama da 3.55 a kan yunit 120, wato jimillar maki 426. Ta haƙura ta maimaita kwas ɗin, ta sake cin B. A jami'ar da ke ƙirga duk zaman da aka yi wa kwas, yanzu 426 ɗin za a raba da 123, abin da zai ba da 3.46. Ta sauko daga daraja ta biyu ta sama zuwa ta ƙasa, alhali sau biyu ta ci jarrabawar. Ma'aikatu da masu ba da tallafin ƙaro karatu da yawa a kan 3.50 suke ja layi.

Shi ya sa shawarar da ake yawan bai wa ɗalibi, cewa ya haƙura ya sake rubutawa kawai, ba ƙaramar cuta ba ce. Ana ɗora masa tarar laifin da ba nasa ba.

Jinkirin sakamako ma yana da nasa farashin. Ɗalibin da bai ga sakamakon zangon farko ba har aka rufe rajistar shekara mai zuwa bai san ko yana da abin maimaitawa ba, don haka a makance zai yi rajista. Wanda ya gama karatu kuma ba zai tafi hidimar ƙasa ba sai majalisar jami'a ta amince da sakamakonsa an tura sunansa. Dokar NYSC ta ce wanda ya haura shekara 30 a lokacin kammala karatu takardar yafewa za a ba shi. Ga wanda ya fara karatu a makare, kamar yadda yake faruwa da 'ya'yan talakawa da matan aure da yawa, jinkirin 'yan watanni na iya raba shi da hidimar gaba ɗaya.

Akwai kuma ɓarnar da ta fi wannan. Duk inda hanya ta toshe kuma babu ranar buɗe ta, masu sayar da hanyar baya ke samun kasuwa. Wani a ce ya kawo na goro, wata a nemi abin da ya fi kuɗi muni. Rahoton binciken da sashen BBC Africa Eye ya fitar a Oktoban 2019 a kan lalata don maki a jami'o'in Legas da Ghana ya nuna irin ikon da malami ke da shi a kan ɗaliba idan makinta na hannunsa shi kaɗai. Tsarin da kowa ke iya ganin inda takarda ta tsaya yana rage wannan iko.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari

Adalci ne a faɗi cewa ba duk laifin ke kan jami'a ba. Akwai ɗaliban da ba sa fara rajista sai ranar ƙarshe, su taru a kan shafin har ya tsaya. Akwai waɗanda ke kashe kuɗin makaranta su ce shafi ne ya ƙi buɗewa. Akwai wanda ya faɗi jarrabawa ƙiri-ƙiri amma ya gaya wa iyayensa an ɓatar masa da maki. Wasu ba su taɓa buɗe littafin dokokin da aka ba su ranar rantsuwa ba. Wasu ko lambar rajistarsu ba sa rubutawa daidai a kan takardar amsa.

Su ma malaman da ma'aikatan ofis suna da uzurinsu. Malamin da ke koyar da kwas ɗin da kowa ke ɗauka yana iya samun takardun ɗaruruwan ɗalibai a gabansa, ya duba da hannu, ya shigar da maki da hannu, ga kuma albashin da ba ya kai wata. Jami'in jarrabawa na sashe malami ne da aka ƙara wa wannan aiki a kan koyarwa da bincike. Ofishin da ba wuta, ba intanet mai ƙarfi, ba zai yi sauri ba ko da ma'aikatansa waliyyai ne.

Sai dai waɗannan hujjoji duk suna ƙarfafa bukatar tsari ne. Idan akwai rajistar sa hannu ta shiga da fita ɗakin jarrabawa, a minti biyar za a bambance ɗalibin da ya rubuta da maƙaryaci. Idan akwai wa'adi a rubuce kuma aka kasa cika shi saboda ƙarancin ma'aikata, hukumar jami'a ta samu hujjar da za ta kai wa gwamnati. Rashin tsari yana cutar ɗalibi mai gaskiya da malami mai gaskiya, maƙaryaci da maciyin hanci kaɗai yake yi wa rana.

Amsa kuskure ma ba ya rage darajar hukuma. A Mayun 2025, bayan ƙorafin ɗalibai da iyaye a kan sakamakon jarrabawar shiga jami'a, shugaban JAMB Farfesa Ishaq Oloyede ya fito bainar jama'a ya amsa cewa matsalar na'ura ta shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas, ya nemi afuwa, aka sake musu jarrabawar. Kuskuren babba ne, amma an duba, an amsa, an gyara cikin kwanaki. Abin da hukumar ƙasa ta iya yi wa dubban ɗaruruwa, sashe guda na jami'a zai iya yi wa ɗalibi ɗaya.

Abin da ya rage wa jami'o'i da gwamnati

Gyaran ba ya bukatar sabon gini. Kowace jami'a ta wallafa kalandar da ke ɗauke da wa'adinta kamar yadda take ɗauke da na ɗalibi: ranar da makin gwaji zai fito kafin jarrabawa, da ranar da sakamako zai fito kafin a buɗe rajista ta gaba. Makin gwaji da aikin gida yakan kai kashi 30 zuwa 40 na kwas, kuma babu dalilin da zai sa ɗalibi ya shiga jarrabawa bai san abin da ya samu a ciki ba.

A fitar da jadawalin jarrabawa na wucin gadi makonni kafin a fara, a ba da kwanaki don kawo rahoton karo, sannan a fitar da na ƙarshe da ba zai sauya ba. Tunda rajistar kwasa-kwasai a kwamfuta take, kwamfutar na iya nuna duk ɗalibin da jarrabawarsa biyu suka haɗu kafin shi ma ya sani.

Kowane ƙorafi a ba shi lamba da kwanan wata, ɗalibi ya tafi da shaida, kuma a faɗi kwanakin da za a ba da amsa. Idan bincike ya nuna kuskuren daga makaranta yake, kada a ci tarar makara, kada a karɓi kuɗin ƙarin zango. Wanda ya biya kuɗin sake duba takardarsa kuma ya yi gaskiya, a mayar masa da kuɗinsa.

Sama da duka, ana bukatar wanda ɗalibi zai kai wa ƙara a wajen jami'ar. A Ingila da Wales akwai ofishi mai zaman kansa da ke sauraron ƙorafin ɗaliban jami'a kyauta tun 2005, bayan sun bi matakan cikin gida sun ƙare. Ba ya sauya makin da malami ya bayar bisa iliminsa, yana duba ko an bi ƙa'ida ne. Ostireliya ta buɗe irinsa a Fabrairun 2025. A Najeriya kotu na nan, kuma a 2014 Kotun Ƙoli ta goyi bayan wata tsohuwar ɗalibar Jami'ar Ilorin da aka riƙe wa sakamako, amma sai da shari'ar ta ci shekaru masu yawa. Ɗan mai shago a Unguwar Dosa ba shi da kuɗin lauya, ba shi da waɗannan shekarun. Majalisar Dokokin Jihar Kaduna na da ikon kafa irin wannan ofishi ga manyan makarantun jihar ba tare da ta jira Abuja ba.

Abin da ke hannun ɗalibi da iyayensa

Kafin a samu wannan gyara, rigakafi ya fi magani. Tun a aji ɗaya ɗalibi ya duba sunansa a jerin JAMB, ya jera takardunsa na WAEC ko NECO da NIN da na makaranta ya tabbatar suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne. Ya yi rajista a makon farko. Ya tsaya a kan mai shagon intanet har a gama, ya karanta lambar kowane kwas kafin a tura, kuma kada ya bar masa kalmar sirrinsa.

Ya buga fom ɗin rajista, ya kai wa malamin da ke kula da ajinsu ya sa hannu, ya ajiye kwafi. Rasit, katin jarrabawa, takardun gwajin da aka mayar masa, hoton jadawali da na sakamakon da aka liƙa a allo, duk ya ajiye su a fayil guda, ya kuma tura hotunansu zuwa imel ɗinsa, domin waya na ɓata. Ranar jarrabawa kada ya fita sai ya sa hannu a rajistar shiga da ta fita.

Idan matsala ta taso, maganar baki a baranda ba ƙorafi ba ce. Ya rubuta wasiƙa gajera mai ladabi, da lambar rajistarsa da lambar kwas da ranar jarrabawa da ɗakin da ya zauna, ya haɗa kwafin shaidunsa, ya riƙe na asali. Ya kai kwafi biyu, a buga masa hatimin karɓa a kan ɗaya. Ya bi matakai daki-daki, daga jami'in jarrabawa zuwa shugaban sashe, zuwa shugaban tsangaya, zuwa magatakarda. Idan matsalar ta shafi mutane da yawa, wasiƙa ɗaya mai sa hannun kowa ta hannun wakilin aji ta fi nauyi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zagin malami a Facebook yana iya jawo wa mai gaskiya kwamitin ladabtarwa, matsalarsa kuma tana nan.

Idan cikin gida ya gagara, akwai ofishin SERVICOM a makarantun gwamnatin tarayya, akwai kuma Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a da aka kafa tun 1975, wadda ke da ofishi a kowace jiha kuma ba ta karɓar kuɗi. Dokar kare bayanai ta 2023 ma ta bai wa kowa haƙƙin neman a gyara bayanansa da wata hukuma ta rubuta ba daidai ba.

Iyaye kuma aikinsu bai ƙare a biyan kuɗi ba. Uba ya nemi ganin rasit da fom ɗin rajista a farkon zango, da sakamako a ƙarshensa, ko da sai wani ya karanta masa. Wannan zai tona asirin ɗan da ke ɓoye faɗuwa, zai kuma ceci wanda aka zalunta yake jin tsoron magana. Neman wani babba ya yi waya yana iya warware matsalar ɗa guda, amma 'ya'yan maƙwabta da ba su san kowa ba suna nan a layi.

Gwamnatin Kaduna ta nuna a 2023 cewa tana jin kukan iyaye a kan tsadar karatu. Rage kuɗin ya shigar da yara makaranta, saura fitar da su a kan lokaci da sakamakon da suka ci. Majalisun jami'o'i su sa wa kansu ranaku a kalandar zango mai zuwa, su liƙa su a allon da suke liƙa ranar rufe rajista.